Kwaɓin da Ke Jiran Baba Rediyo

Baba Rediyo mai manna tayil ne, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. In ya buɗe baki a wurin aiki, sai dai kowa ya nemi bulo ya zauna. Yana da labarin attajirin da ya sa aka yi wa kajinsa tayil, yana da na akuyar da ta faɗa cikin kwaɓi ta fito da wando. Leburori na sonsa, masu gida na dariya har da hawaye. Siminti ne kaɗai ba ya jin barkwanci. Kafin akuya ta fito, kwaɓin da ya shafa a bango ya yi ɓawo, bulo ya zuƙe ruwansa tas, tayil ɗin kuma sai ya riƙa sulalowa ƙasa a hankali.

Da ƙuruciya hannunsa ya fi bakinsa sauri, don haka ba a taɓa yin ɓarna ba. Da girma ya kama shi, kafaɗarsa ta dama ta fara ɗaurewa, kuma bai faɗa wa kowa ba. In ta riƙe, sai ya sauke hannu ya ce, "Af, na taɓa ba ku labarin akuyar nan?" Haka labaran suka yi ta ƙara tsawo, akuya ta samu miji da 'ya'ya.

Ƙanensa ne ke karɓo musu kwangila. Ranar da bangon wani kicin ya zubo, sai ya ja shi gefe yana sosa ƙeya.

"Yaya, wallahi da nauyi, amma banɗakin gidan benen nan shi ne na ƙarshe. In tayil ɗaya ya zame, ka huta a gida, ni zan ɗauki ɗawainiyarka."

Huta! Baba Rediyo ya ji kalmar kamar an ce ga likkafaninsa. Wa zai saurare shi a gida? Matarsa ta haddace akuyar har tana yi masa gyara.

Autarsa tana aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin gam ɗin tayil. Da labarin ya kai mata, ta zo da yamma da kwalba cike da farin gari, da ɗan ƙaramin sikeli.

"Baba, sunansa selulos eta. Daga auduga da itace ake sarrafa shi."

"Auduga a siminti? Katifa za mu yi?"

Ta buɗe kwalbar. Ta auna ɗan mitsitsi, ta gauraya shi da busasshen siminti da yashi mai laushi, ta zuba ruwa ta dama. Ta ce a bar shi ya ɗan huta garin ya jiƙa, sannan ta sake damawa ta miƙa masa cokalinsa na gini mai haƙora. Ya ɗiba ya ja a katangar tsakar gida, sai ya ji hannunsa ya tafi sumul kamar yana shafa man shanu. Da ya ɗaga cokalin, layukan suka tsaya cak, ko ɗaya bai kwanta ba.

"In ka ja shi ya yi laushi, in ka sake shi ya tsaya," in ji Auta. "Kuma yana riƙe ruwansa, bango ba zai ƙwace ba. Ba ni labarin akuya."

Ya bayar, har da jikokin akuyar. Da ya gama ya dangwala yatsa, kwaɓin ya kama yatsan, ɗanye shar. Ya manna tayil ya cire hannu, tayil ya zauna daram. Ai kuwa dattijon nan ya yi tsalle ya dire, ya zagaya tsakar gida da bokiti a ka yana kiran maƙwabta su zo su ga simintin da ya san darajar manya. Murna ta cika shi har yana gaisawa da mutum ɗaya sau biyu.

Washegari, Auta na fita, ya yi nasa lissafin: in ɗan mitsitsi ya jira akuya, cikin hannu zai jira attajiri da kajinsa duka. Ya kamfato garin kwalbar ya watsa a kwaɓi. Kwaɓin ya koma danƙo, cokali ya shiga ya ƙi fita, da ya ja sai bokitin ya biyo shi. Ya taka da ƙafa don ya ɓamɓare, takalmin ya zauna a ciki. Haka Auta ta dawo ta same shi da ƙafa ɗaya a sama, uwarta na riƙe da ciki don dariya, abin da ya shafa tun safe kuma ko alamar kamawa bai yi ba.

"Baba, in ya yi yawa siminti ba ya kamawa da wuri! Ba ni kwalbata."

Ranar aikin banɗakin ta kawo masa buhun da ta haɗa da kanta, nasa kawai zuba ruwa. Ya shafa, ya ja, kafaɗa ta riƙe, ya sauke hannu ya saki akuya. Ƙanensa na bakin ƙofa yana cizon leɓe yana kallon bangon. Akuya ta fito, tayil ya hau, wani ya bi shi, layi bayan layi har sama. Ƙanen ya ɗora ma'auni, ya ƙwanƙwasa nan da can, bai samu ko ɗaya da ya zame ba.

"Yaya, gobe akwai kicin a ƙasa. Ka zo da wuri."

A hanyar gida Baba Rediyo na tafe yana rangaji, ya ce wa Auta, "Ke, yaya aka yi kika san daidai tsawon labarina?"

"Ba labarin na auna ba, Baba. Tun bara nake kallonka. Na auna tsawon lokacin da kafaɗar ke ɗauka kafin ta sake ka."

Ya tsaya cak a gefen titi. Kunya da daɗi suka taru suka rufe shi. Auta ta karɓi bokitin daga hannunsa na dama, suka ci gaba da tafiya.