Daren da Kakana Ya Yi Shaidar Wata

Jiya jikana ya zo da akwatin hoto mai dogon baki, ya auna wata da shi a tsakar gida. Ina ganin bakin nan gabana ya faɗi, kamar yadda ya faɗi a Gure ina 'yar shekara tara.

Kakana shi ne mai duban wata a garinmu. Idan azumi ya kai ashirin da tara, maza sukan hau jigawar da ke yamma da kwarin dabino, kowa ya zuba ido, amma bakin Kaka ake jira. Abin da gari bai sani ba, yanar ido ta soma rufe masa gani. A gida ma ni kaɗai na sani, don ni nake saka masa zare a allura a ɓoye. Yakan nuna ni ya ce wa mutane amaryarsa ce mai kishi, ba ta barinsa fita shi kaɗai. A yi dariya, mu wuce, hannunsa a kafaɗata.

Shekarar nan da ɗari aka yi azumi. Muna isa kan jigawa muka tarar da wani Nasara mai awon ƙasa da ya sauka a bariki. Ya kafa akwati a kan ƙafa uku, da baki dogo kamar na bindiga, ya juya shi yamma, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. Tafintansa ya ce madubin ciki yana jawo abin da ke nesa, hoton wata zai ɗauka. Mutane suka ja baya suna ta'awizi.

Aka sha ruwa, aka yi magariba, jan sama ya soma dushewa. Can wani makiyayi ya ce ya gani. Alƙali ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta sauke azumi, sai da na biyu. Kowa ya juyo ga Kaka. Ya matse kafaɗata, ya yi ƙasa da murya.

"Amarya, me kika gani?"

Na ga wani abu fari siriri a saman dabino, ƙiftawar ido ɗaya, gajimare ya rufe shi. Na raɗa masa na gani. Shaidar yarinya ba ta karɓuwa, sai Kaka ya ɗaga hannu inda na karkata shi, ya ce, "Ga shi can." Ya rantse gaban alƙali, aka buga tambari.

Muna gangarowa tafinta ya ce Nasara ya ɗauka, gobe zai wanke, kowa ya ga ko akwai wata ko babu. Wani tela da ya daɗe yana ƙyashin Kaka ya ce madalla, yanzu za a san mai ido.

Mata na ta daka, ana ƙunshi, ni kuwa na koma lungu na zauna. In takardar hoton ta fito babu komai, gari guda ya sha azumi a kan bakina, Kaka kuma ya yi rantsuwar ƙarya da furfurarsa. Na yi ta ƙoƙarin tuno abin da na gani, sai ya zama gashin tsuntsu, ya zama gefen gajimare. Ina jin Kaka a ɗakinsa yana jan carbi har asuba.

Bayan an sauko Idi tafinta ya kawo takardar zauren alƙali. Ina laɓe a bakin ƙofa. Alƙali ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi." Ga watan nan, siriri kamar yankan farce.

Sai tela ya ce a ba mai shaida ya nuna wa jama'a watansa. Aka miƙa wa Kaka. Ya riƙe takardar da hannu biyu, ya yi murmushi, ya ɗora yatsa yana cewa ga shi. Bayan takardar yake kallo, fari fat.

Alƙali ya miƙa hannu ya karɓa, ya ce, "Malam, wata dai ya tsaya, Allah ya karɓa mana." Tela ya buɗe baki, alƙali ya dube shi, ya rufe.

A hanya Kaka bai kira ni amarya ba. Daf da gida ya tambaye ni ko a juye ya riƙe, na ce i. Bai sake hawa jigawar ba har ya rasu.

Yanzu rediyo ke faɗa mana an ga wata, a garin da ban taɓa jin sunansa ba, kuma ba a tambayar wanda ya gani. Ni ma idona ya soma tafiya. Ranar da na gane haka na tara 'ya'yana na faɗa musu da bakina, tun kafin wani ya miƙo mini takarda.