Zuwa Kebbe da Ɗan Fari da Lissafinsa

Tambuwal

Muna idar da asuba munka fita, ni da yaron nan, ɗan farina, wanda ban taɓa kiran sunansa ba. Alhaji, yayan marigayi mahaifinsa, ya aiko daga Kebbe: ko a faɗa masa abin da yaron ke yi a jami'a, ko ya dawo ya riƙe gonar shinkafa.

Abin da yake yi lissafi ne kan iska iri biyu a bututu ɗaya, kowace tana matsuwa in an danne ta. Yana son tabbatar da cewa lissafin yana da amsa kullum, ba ya ƙwacewa. Yakan karanta da ƙarfi a ɗaki ina tankaɗe a tsakar gida, har na haddace.

Hanya

Direban mota ya zuba mu fuɗu a gaba, baya kuwa mutane da awaki. Duk ramin da munka faɗa, awaki su matso, mutane su takure.

"Kun gani?" in ji yaron. "Matsin guda ne, amma kowa da irin matsuwarsa."

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ƙahon akuya ag ga haƙarƙarina, kai kana murna?"

A shinge ɗan sanda ya leƙo ya tambayi ko mu nawa ne. Direba ya ce, "Yallaɓai, ya danganta da ramin." Ya ce mu wuce.

Kebbe

Mun isa da hantsi, anka kawo fura. Alhaji ya ce, "To, mi kaka yi?"

Yaron ya buɗe baki, Turanci ya fara zuba, sai maganar ta sarƙe masa, yana zufa. Ga shi kuma uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane. Na ga gona tana matsowa. Sai na juya ga butar alwalar Alhaji.

Na ce, "Ke buta, an ce akwai wani yaro. Gas da tururi ka tafiya a bututu guda, shi ko shina binciken ko lissafinsu na riƙewa in matsi ya yi yawa."

Alhaji ya dubi butar. "Ke buta, tambaye ta, in ɗayan ya ƙare a wani wuri fa?"

Na ce, "Nan ne wuyar, buta. Nan yake tun bara."

"Shina cin abinci?"

"Ba ya ci, buta."

Sai Alhaji ya ce wa butar yaro ya koma ya gama, amma ya riƙa cin tuwo.

Gida

Mun dawo kafin magariba, alhamdu lillahi. A ƙofa yaron ya tsaya zai yi mini godiya. Na ce masa ni ban ce komai ba, ya shiga ya ci abinci.