Abin da Ya Tsaga Tiren Wanka

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Kowa Me-ya-sa yake ce masa, har matarsa in tsokana ta motsa mata. Mai gyaran famfo ne, shekara talatin da 'yan kai yana sana'ar, kuma yana da wani hali mai ba masu gida haushi: ba ya gyara abu sai ya san yadda aka yi ya lalace. Ka kira shi kan famfo mai ɗiga, sai ya tsuguna ya zuba masa ido kamar ya zo dubiya, ya tambaye ka wa ke buɗewa, da wane hannu. Wasu sun daina kiransa. Waɗanda suka jure kuwa, gyara ɗaya yake yi musu an gama.

Wata safiya wani magidanci ya kai shi banɗakin mahaifiyarsa. Tiren shawa, farantin nan da ake tsayawa a kai a yi wanka, ya tsage, ruwa na bi ta ƙasa har fentin bango ya fara ɓarewa. An riga an sayo sabo.

"Cire wannan, sa wancan," in ji maigidan, yana duba agogo. "Don Allah ban da tambayoyi." Ya tafi aiki.

Me-ya-sa ya yanke tsohon gam, ya kwance bututun magudana, ya ɗago tiren. Ya san tire a tsakiya yake tsagewa, inda ake tsayawa, in simintin ƙarƙashinsa bai cika ba. Wannan ma simintin bai cika ba, amma a wuri huɗu tiren ya lotsa, 'yan ƙanana, tazararsu ɗaya. Ya auna da taƙi, ya haska da tocila, ya shafa. Abin ya tsaya masa a rai har shayin da aka kawo masa ya huce.

Can ya hango wata 'yar kujera mai ƙafafun ƙarfe a bayan ƙofa, an kifa mata bokiti. Ya ɗora ta a kan tiren, ƙafafun suka zauna cif a wuraren da suka lotsa.

"Ɗan nan, mayar da kujerar nan inda ka gan ta."

Tsohuwar ce a bakin ƙofa, ta dafa bango.

"Mama, a kanta kike wanka?"

Ta waiga, ta rage murya. "Tun bara ƙafafuna suka ƙi tsayuwa. In ɗana ya ji, gobe zai kawo mai yi mini wanka, da ma ya fara zancen. Ni da na wanke 'ya'ya bakwai! Tun da na yi wayo ba wanda ya cuɗa mini baya. Ka rufa mini asiri."

Kunya ta kama Me-ya-sa, ya ji da ma bai ɗaga bokitin ba. Ya ce, "Je ki huta, Mama."

Ya kwaɓa siminti da yashi, ya shimfiɗa shi ko'ina, bai bar ramin da yatsa zai shiga ba. Ya zaunar da sabon tiren, ya zuba ruwa a kofi ya ga ya gangara magudana. Ya yanko tsohon tiyo ya sa wa ƙafafun kujerar takalma. Ya sauko da makunnin shawar inda hannun mai zama zai kai, ya kafa guntun bututun ƙarfe a bango, ya ja shi da ƙarfinsa bai motsa ba.

Da la'asar maigidan ya dawo. "To, Malam Me-ya-sa, me ya fasa shi?"

"Simintin ƙasa bai cika ba, Yallaɓai." Bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya haɗiye, ya kuma ji ɗacinta, shi da ba ya iya gano abu ya yi shiru.

"Wannan ƙarfen fa?"

"Na rataya tawul ne."

"A ƙasa haka?"

"Ni na ce a sa shi nan," in ji tsohuwar daga ɗaki. "Banɗakinka ne?"

Me-ya-sa ya ce kada a taka sai siminti ya kama. Rana ta uku ya dawo duba yoyo, ya tarar da ƙofar banɗakin a sakace ta ciki, ruwa na zuba. Matar maigidan ta ce bari ta ƙwanƙwasa.

"A'a, ƙyale ta," in ji shi. Ya ajiye jakarsa, ya zauna a baranda yana jira.