Kallamu, Mai Juya Taya a Bayan Huadu

Da an sallame sallar asuba, Malam Kallamu zai rataya jakarsa ya hau motar da ke zuwa bayan garin Huadu na ƙasar Sinawa, inda gidaje suka ƙare duwatsu suka fara. Can rumfar gyaran da ya shekara goma sha uku yana aiki take, a bakin filin masu wasan hawa dutse da babur. Baburan nasu ba na gudu ba ne, ko wurin zama ba su da shi. A tsaye ake tuƙa su, wanda ya sa ƙafa a ƙasa kuwa sai a rage masa maki. Kafin ya kurɓi shayi, Kallamu zai bi tayoyin baya ɗaya bayan ɗaya yana shafa haƙoransu da babban yatsa.

Haƙorin taya gefe ɗaya yake cinyewa, gefen da ke cizon dutse. Ɗaya gefen na nan da kaifinsa. Sai Kallamu ya sace iskar, ya sa liba ya ɓalle tayar daga rim, ya juya ta, ya shafa ruwan sabulu ya mayar. Tayar da ɗazu take santsi sai ta koma kama dutse. Sana'ar ke nan, kuma a kanta ya sha raini.

Wata Juma'a a ƙofar Masallacin Huaisheng, Alhaji Maidaji, wani ɗan kasuwar Kwari, ya tare shi a gaban jama'a. "Malam, mutane na zuwa ƙasar nan suna loda kwantena, kai ka tsallako tun daga Nguru don faci?"

"Ranka ya daɗe," in ji Kallamu, "faci na iya, kuma ban zo nan don in ɓoye shi ba."

Bara rumfar ta koma hannun sabon lawban, wato maigida, ya kafa doka: ba a ƙara juya taya, a sa sabuwa kawai, wai juyin na zubar da darajar wurin. Ba a yi wata guda ba ranar gasar masu hawan ta zo, aka tashi da ruwan sama. Habsatou, ɗaliba 'yar Damagaram, mace ɗaya tilo a cikin masu hawa, ta turo babur ɗinta jiƙe sharkaf. Ta nemi sabuwar taya, lawban ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo," wato babu.

"Baba, tayar nan ta mutu," ta ce wa Kallamu. "In na hau dutsen can da ita, gangarowa zan yi. Gara in janye."

Kallamu ya shafa haƙoran, ya leƙa gefen tayar. "Ba ta mutu ba, 'yata. Kawo."

Lawban ya ce in Kallamu ya taɓa tayar, ya kwashe kayansa. Kallamu ya kwashe su kuwa. Ya fito da su waje, ya shimfiɗa buhu a cikin ruwan, ya juya tayar kowa na kallo, ya rage mata iska har ta yi laushi. Mutum shida sun hau dutsen kafin Habsatou, duka shidan sun zame. Ita ta hau ta sauka ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. Ta uku ta zo a gasar.

Nan take wani abokin lawban ya garzayo da tasa tayar a juya masa. Kallamu ya duba ya ga gefenta ya tsattsage, ya ce wannan ba ya juya ta. Mutumin ya ɗaga murya, ya nace. Kallamu ya zaro wuƙa ya farke tayar, don kada wani ya ɗaura masa ita ya je ya karye.

Kwana huɗu Kallamu yana zaune a ɗaki ba aiki. A na biyar masu hawa suka ƙi shigar da baburansu rumfar, lawban da kansa ya buga masa waya ya ce ya dawo aiki.

Kai ne, Kallamu, ɗan Barno mai taurin kai a kan gaskiya. Kai ne ka juya wadda ta cancanci juyi ko da za a kore ka, ka yanka wadda ba ta cancanta ba ko da za a zage ka. Sinawan filin nan Shifu suke ce maka, gwanin da ake koyo a wurinsa, kuma hannunka ne ya sa suka faɗa.

Ƙarshen watan nan Kallamu zai koma Nguru, gwiwa ta gaji da durƙuso. Mun gode, Malam. Allah ya sa ka huta lafiya cikin iyalinka. Ku kuma 'yan uwa da ke zuwa ƙasar mutane da sana'a a hannu, kada ku sunkuyar da kai don wani ya kira ta ƙarama. Ku iya ta sosai, ku yi ta a fili, in an ce ku yi ha'inci a cikinta ku ce a'a, ko da a gaban mai wurin ne.