Sunan da Goggo Dudu Ta Ƙi Faɗa

Tun da kun matsa sai na ba ku labari kafin in ajiye aiki, to ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata bayan an gama cirar gyaɗa, da muka je ɗaukar shiri a wata ruga kusa da Ruwan Bago, a ƙasar Rogo.

Lokacin ni ke shirya shirinmu na tarihin garuruwa da hira da marubuta. Mukan ɗauki marubuci mu kai shi inda yake rubutu a kai, ya zauna da dattawa, mu naɗi hirar. Baƙonmu na makon shi ne Malam Sagiru, wanda ke haɗa littafi kan tsofaffin rijiyoyin Karaye da Rogo. A ƙa'idar aiki ba a faɗawa gari kai tsaye. Sai an gaida hakimi, ya haɗa ku da dagaci, dagaci ya miƙa ku ga mai unguwa. Motar ofis kuma na sa hannu za ta koma Kano kafin magariba, shugaban sashenmu kuwa ba ya jin uzuri.

Gaishe-gaishe suka cinye mana safiya, sai bayan azahar muka isa. Aka kai mu wurin wata tsohuwa, Goggo Dudu. Ta ba mu fura da nono, sannan ta buɗe baki. Wallahi ban taɓa naɗar murya irin tata ba. Ta ce uban mijinta ne ya zo da shanu a wata shekarar fari, ya ga tururuwa na fito da ƙasa mai danshi a gindin wata kanya, ya yi rani guda yana haƙa rijiya a wurin, shi da ƙannensa. Da ruwa ya fito ya raba lokaci: safiya ta matan manoma, hantsi na shanu.

Malam Sagiru ya ce, "Goggo, mene ne sunansa?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba ɗan nan, surukina ne fa! Ku jira ɗana Jibo, ya kai shanu mashaya, bayan la'asar zai dawo. Jikansa ne, shi ko tsokanarsa yana iya yi."

Na san wannan kunya sarai, mahaifiyata har ta rasu ba ta kama sunan kakana ba. Amma agogo na duba. Na zagaya wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, wa kuka sani da rijiyar nan?"

Ya ce, "Mu dai mun tashi mun ga kakana Malam Tanimu yana kula da ita."

Bawan Allah bai yi ƙarya ba, ni ne ban ƙara tambaya ba. Malam Sagiru ya ce, "Anya ba za mu jira Jibon ba?" Na ce, "Malam, mai unguwa ne fa ya faɗa. Shiga mota."

A situdiyo na sa muryar Goggo, inda ta yi shiru kuma na cike da tawa: wanda ya haƙa rijiyar shi ne Malam Tanimu. Malam Sagiru ya amince da ni, ya sa haka a littafinsa.

Da littafin ya fito muka koma mu kai mata, ina tafe ina jin kaina. Ta amsa gaisuwa ba yabo ba fallasa, babu fura a ranar. Jibo ne ya gaya mana cewa tun da aka ji shirin, 'yan makaranta suka fara cewa Rijiyar Tanimu, har dangi na nesa sun aiko suna tambaya yaya Goggo ta ba da aikin surukinta ga wani.

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, tun ina amarya nake ɓoye sunan nan don girmansa. Ashe ɓoyon da na yi ne zai sa a ba wani guminsa. Kunna abin naka."

Jibo ya ce, "Inna, bari ni in faɗa."

Ta ce, "A'a. Muryata aka ji, da muryata za a gyara."

Ta sa aka fitar da surukanta mata. Ta juya mana baya, ta lulluɓe kanta. Sannan a hankali ta ce, "Hammadu." Malam Sagiru ya tashi ya fita, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Mun sa gyaran a makon, har sau biyu. Malam Sagiru ya yi alkawarin gyarawa a bugu na gaba, bugun da har yau bai zo ba. Goggo ta rasu, Allah ya jiƙanta. Bara na bi ta hanyar, na tambayi wasu mata da ke ɗiban ruwa sunan rijiyar, suka ce ta Tanimu.

Don haka ku da za ku ci gaba da aikin nan, in dattijo ya yi shiru a tsakiyar labari, kada ku cike masa da bakinku, ku nemi dalilin shirun. In ya ce ku jira, ku jira, takardar tuhuma ta shugaba ana amsa ta a wuce. Na tambayi Jibo yaushe ya dawo daga mashaya a waccan Talatar. Ya ce yana shigowa da shanu yana hango bayan motarmu.