Ramin Gonar Mijinyawa

Mijinyawa manomin albasa ne a wani ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari, mutum mai kaushin baki wanda ko a gidan suna da wuya ka ga haƙorinsa. Gona ɗaya ya gada, tudu a sama, fadama a ƙasa, rijiya a tsakani.

Shekara biyu da dawowar mulkin farar hula aka ba wani kamfani kwangilar hanyar da za ta ratsa ƙauyen. Maƙwabcinsa Na'Allah, makiyayi kuma ɗan gaban goshin jam'iyya, shi ya nuna wa kamfanin jar ƙasar da ke tudun Mijinyawa, don su haƙa su yi cikon hanya.

"Wa ka cike ramin in sun ƙare?" in ji Mijinyawa.

"Su mana," in ji Na'Allah. "Kai dai ba ka son ci gaba."

Katafila ta yi ta cin tudun har rani ya raba. Sai kasuwar man fetur ta faɗi, gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, kamfanin ya tattara ya tafi, hanya ko rabi ba ta kai ba. Suka bar rami mai zurfin gaba biyu, da gangunan kwalta da baƙin mai jibge a ciki.

Damina ta cika ramin. Gangunan suka yi tsatsa suka huje. Ruwan rijiya ya fara warin mai, albasa ta riƙa ƙonewa tun tana ƙarama, matarsa Safinatu ta koma ɗebo ruwan sha a bayan gari.

Shekarar fari, da tafkuna suka ƙafe, shanun Na'Allah suka sha ruwan ramin. Saniya da maruƙa biyu suka mutu. Na'Allah ya kai ƙara gaban mai gari, wai Mijinyawa ya zuba dafi.

"Ranka shi daɗe," in ji Mijinyawa, "dafi kam akwai shi. A tambayi wanda ya kawo shi gonata. Da shanu nai duka sunka sha, da ban yi mai jaje ba."

Sai da aka riƙe Na'Allah. Mai gari ya ce su biyun su kwashe gangunan. Mijinyawa ya ce ba zai haɗa hannu da Na'Allah ba, don haka ɗaya ya riƙa zuwa da safe, ɗaya da la'asar. Gangunan suka fita, warin bai fita ba.

Na'Allah ya kora sauran shanunsa wajen Lambara. Mijinyawa ya bar albasa, ya koma cin rani kudu yana ga-ruwa, sai damina yake dawowa ya shuka gero a gefen fadama. Har ya rasu bai sake amsa sallamar Na'Allah ba.

Ranar rabon gado 'ya'yansa suka yi ta musu, kowa na gudun tudun. Ƙuri'a aka jefa, ta faɗa kan autarsa Khadijatu. Ta sa aka kewaye ramin da ƙaya saboda awakin mutane.