Wai Kunyar Ɗan Fari

Malamin asibitin nan na Tambuwal ya cuce ni, ya cuci matata, kuma da baki ya yi cutar. Ajinmu guda a firamare, ni na tsaya aji fuɗu, shi ya wuce. Da kuɗin mai suka malalo jihar Sakkwato ya samu farar riga da sabon babur, ya koma kallon mutane ta saman tabarau.

Haihuwar matata ta fari ce. Kwana biyu tana naƙuda a Kebbe, muka ɗora ta bayan akori-kura har Sakkwato, aka yi mata aiki ba shiri, aka ciro yaro. Ɗinki ya warke, amma matar ba ta dawo daidai ba. In an miƙo yaron ta ba shi nono sai ta juya fuska bango. Ran da wanzami ya zo yi mai aski, tana ganin aska ta kurma ihu ta shige bayan randa.

Na kai ta wurin malamin. Ya ɗaga zane, ya danna ciki, ya ce, "Aiki ya yi kyau."

Na ce, "Malam, ba ta iya riƙe ɗanta."

Ya yi dariya. "Kai dai har yau baƙauye ne. Kunyar ɗan fari ce, kai ma haka aka yi maka."

Ita ko sannu bai ce mata ba. Ni kuma sakarai na yarda.

Wata biyu yaro na ramewa, ana ɗura mai madarar shanu, dangi na ta yabon kunyarta. Sai wata tsohuwar ungozoma ta zauna kusa da ita ta ce, "Ɗiyata, mi kika gani in kin dubi yaron ga?" Ta fashe da kuka. Ashe fitilar ɗakin tiyata take gani, da mutane sun rufe baki da ƙyalle sun duƙo kanta, ta ɗauka gawarta za a yi wa wanka. Tsohuwar ta riƙa zuwa kullum tana saurarenta, har ran da ta miƙa hannu da kanta ta karɓi ɗanta.

Na koma na same shi a barandar asibiti, mata cike da benci. Na ce, "Malam, tsohuwar da ba ta san bihim ba, ita ta tambayi matata abin da ke firgita ta, yau tana shayar da ɗanta. Kai duba ɗinki kaɗai ka iya, baduku ma ya iya wannan. Saura ƙiris in binne yaro saboda ƙyuyar bakinka. Ga mata nan zaune, ka buɗe shi ka tambaye su."